Yadda Baƙo Zai Buɗe Asusu a Ecobank na Gana, Ya Kuma Aika Kuɗi Gida

Wanda ya taso daga Legas a mota, ya ratsa Seme da Kwatano da Lome, ya tsallaka iyakar Aflawo ya sauka Akra da gajiya, abin da kan fara kwantar masa da hankali shi ne allunan bankunan da ya sani a gida. Ga UBA, ga Zenith, ga GTBank, ga Access, ga Ecobank. Sai ya ce a ransa ai gida ya zo. Washegari ya shiga reshe ya miƙa lambar asusunsa ta Kano ko ta Maraɗi, mai kanta ya duba ya ce wannan lamba ba ta cikin littafinsu. Mutane da yawa a nan ransu yake ɓaci, su ɗauka wulaƙanci ne. Alhali gaskiya aka faɗa musu. Suna ɗaya ne, uwa ɗaya ce, amma kowane ɗa da gidansa. Ecobank na Gana kamfani ne mai zaman kansa, da lasisin Babban Bankin Gana yake aiki, da sidi yake lissafi. Na Najeriya yana ƙarƙashin CBN, na Nijar yana ƙarƙashin BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi.

Na ɗauki Ecobank misali ne saboda hanyar da mutanenmu ke bi. An kafa uwar kamfanin a Lome a 1985, da ƙoƙarin ƙungiyoyin 'yan kasuwar Afirka ta Yamma da goyon bayan ECOWAS, yau kuma yana da rassa a ƙasashen Afirka fiye da 30. Yana Najeriya, inda ya haɗiye Oceanic Bank a 2011. Yana Nijar da Benin da Togo da Burkina Faso da Chadi da Kamaru. A Gana ya fara aiki a 1990, daga baya ya sayi The Trust Bank, rassansa suka ƙaru. Wato mai albasar da ya ɗauko kaya daga Galmi, ya bi ta Burkina ya shigo ta Paga, da ɗalibin da ya taso daga Zariya ya bi gaɓar teku, kowannensu zai ga wannan alama a duk ƙasar da ya taka. Matakan da zan faɗa kuwa kusan haka suke a sauran bankunan Gana, don dokar ƙasa ce ta shimfiɗa su.

Tun kana gida

Rabin aikin a gida ake yin sa. Ka tabbata fasfonka na da sauran kwana mai yawa, ka haɗa da katin rigakafin shawara, don ana tambayarsa a iyaka. Ɗan ƙasar ECOWAS na shiga Gana ba biza, ya zauna har kwana 90. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma ECOWAS ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar fasfon mutanensu da barinsu zirga-zirga. Duk da haka ɗan Nijar ya riƙe cikakken fasfo, kada ya dogara da katin ɗan ƙasa kaɗai idan banki yake nufi.

Ka je bankinka na gida ka karɓi bayanin shige da ficen asusunka na wata 6 mai hatimi, da takardar shaida cewa kai abokin hulɗarsu ne. Ba kowane reshe zai nema ba, amma ranar da aka nema kana Akra, samo ta wahala ce. A wannan zuwan ka tambayi iyakar abin da katinka zai cire a waje. Daga 2022 bankunan Najeriya da yawa sun hana katin naira aiki a ƙetare, sai a 2025 suka fara buɗewa, kowane da tasa iyakar. Ɗalibi ya riƙo takardar samun gurbin karatu, ma'aikaci ya riƙo ta ɗaukar aiki. Hotunan fasfo guda 4 ba za su yi maka nauyi a jaka ba.

Idan tsabar kuɗin da ke jikinka ta haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta, ka bayyana wa kwastan a iyaka, ka karɓi takarda ka adana. Ita ce amsarka ranar da banki ya tambaye ka inda kuɗin suka fito.

Katin da komai ya rataya a kansa

Tun 1 ga Yuli 2022 Babban Bankin Gana ya sa Ghana Card ya zama shaidar da ake hulɗar banki da ita. Hukumar katin shaida ta ƙasar, NIA, ce ke bayarwa, kuma kala biyu ne: na 'yan ƙasa da na baƙi. Baƙon da zamansa ya kai kwana 90 a cikin shekara, ko wanda ke da takardar izinin zama, na baƙi ne ya wajaba a kansa. A 2024 kuɗinsa dalar Amurka 120 ne a karon farko, sabuntawar da ake yi duk shekara kuma dala 60. Za ka je da fasfo, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Lambar da ke jikin katin ita ce kuma lambar harajinka tun 2021, da ita ake rajistar layin waya. Takardar izinin zama kuwa a hukumar shige da fice ta Gana ake neman ta, kuma su ma sukan tambayi wannan kati.

A nan zan tsaya in yi magana da babbar murya, don jarabar ta fi kusa da mu Hausawa fiye da sauran baƙi. Ka shiga Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, Hausa ake yi tun daga mai koko har limamin unguwa. Kakanninmu fataken goro sun bi hanyar Gwanja sun zauna a Salaga tun kafin a shata waɗannan iyakoki, jikokinsu 'yan Gana ne na haƙiƙa. Cikin sati guda ka saje. To sai wani ya zo ya ce maka, "Ɗan'uwa, me zai sa ka biya dala? Zo in tsaya maka a ce ɗan nan ne kai." Kada ka yarda. Laifi ne a dokar ƙasar, a kanka da wanda ya tsaya maka. Ranar da abin ya tonu, duk abin da ka gina a kan katin, asusu da layin waya da rajistar kasuwanci, tare za su rushe. Bayan haka kana jawo wa 'yan zango na asali zargi, mutanen da dama can sukan sha tambayoyi kafin a yarda 'yan ƙasa ne. Biya kuɗinka ka karɓi katin baƙi, ka yi barci da ido biyu a rufe.

Bayan kati sai adireshi. Gana na da tsarin GhanaPostGPS tun 2017: ka sauke manhajar, ka tsaya a ƙofar gidan da kake, ta ba ka lamba mai haruffa biyu a gaba. Ita za ka rubuta a fom. Ka haɗa da takardar haya ko takardar kuɗin wuta ta gidan. Idan a gidan wani kake zaune, ka roƙe shi kwafin tasa da 'yar wasiƙa cewa a wurinsa kake.

Wane reshe, wane asusu

Hedikwatar bankin tana unguwar Ridge a Akra, kuma rassan sun fi yawa a Akra da Tema da Kumasi, sai Takoradi da Tamale da sauran manyan garuruwa. Kana yin arewa suna ƙara nisa da juna, a nan wakilan da ake kira Xpress Point ke cike gurbi: shaguna ne da ake ajiya da cirewa a cikinsu, irin masu POS na gida. Amma buɗe asusun baƙo aikin reshe ne. Shawarata ka zaɓi babban reshe da ya saba da baƙi, kusa da inda kake harka. Mai fiton kaya a tashar jiragen ruwa ko mai shanu a kasuwar Tulaku ta Ashaiman, Tema ce kusa da shi. Mai sari a Kejetia ya nemi reshe a tsakiyar Kumasi. Duk reshe zai karɓi ajiyarka, amma wanda ya buɗe maka asusu shi ke riƙe da fayil ɗinka, can za a mai da kai idan wata takarda ta ƙare.

Asusu kala-kala ne. Akwai na ajiya, wanda ake ɗora wa ruwa. Akwai na yau da kullum mai cak, wanda ya fi dacewa da mai juya kuɗi, kuma sau da yawa ana neman wanda zai tsaya maka a kansa. Akwai ƙaramin asusun Xpress da ake buɗewa ta waya, mai iyaka a kan abin da zai ɗauka, bai isa ɗan kasuwa ba. Akwai kuma na kuɗin waje, shi ma gida biyu: wanda ake zuba dalar da aka samu a cikin Gana, da wanda kuɗin da aka turo daga ƙetare kawai ke shiga. Dokokin fitar da kuɗi daga cikinsu sun bambanta, saboda haka ka faɗa wa ma'aikacin daga ina dalarka za ta riƙa zuwa kafin ya zaɓa maka.

Mai gudun riba ya sani Gana ba ta kai Najeriya ba a harkar bankin da babu ruwa. Ba za ka tarar da irin su Jaiz da TAJ a kowane titi ba. Abin da na ga mutanen kirki na yi shi ne su ɗauki asusun yau da kullum, su faɗa tun ranar farko cewa ba sa son a ɗora musu komai.

Ranar shiga banki

Je da safe, tsakanin Litinin da Alhamis. Juma'a ranar aiki ce a Gana, amma ga cunkoso ga masallaci. Ka wuce layin masu ajiya, ka nemi teburin kula da abokan hulɗa.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne rubutun suna. Mutum ɗaya sai ka ga Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Mahamadou a wata takarda ta Nijar. Abubakar ya zama Aboubacar can, Abubakari nan. Mu mun san suna ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a Ghana Card, shi kuma ka tabbata tun a NIA ya dace da fasfo. Harafi guda na iya tsare maka kuɗin da aka turo na kwanaki.

Fom zai tambayi sana'arka, da inda kuɗinka ke fitowa, da kimanin abin da zai riƙa shiga a wata. Al'adarmu ce mutum ya rage, don kunya ko gudun baki. A nan ragewar cutar kai ce. Idan ka rubuta sidi 5,000 a wata, sai ga 200,000 ta faɗo bayan ka sayar da mota guda ta albasa a kasuwar Adjen Kotoku, na'urar banki za ta ɗaga tuta, a tsayar da asusun sai ka kawo bayani. Faɗi gaskiyar cinikinka, ka ajiye rasit da takardun kwastan. Sa hannu kuma ka yi wanda za ka iya maimaitawa kullum. Wanda bai saba da biro ba ya ce a ɗauki babban yatsansa, babu abin kunya a ciki.

Wurin magaji, ka rubuta mutumin da za a iya samu a waya. Kafin ka tashi ka nemi takardar cajin banki, ka tambayi mafi ƙarancin abin da za a bari a asusu, da kuɗin kati, da kuɗin saƙon waya. Ka sa a ɗora maka manhajar bankin a nan gaban ma'aikacin, ka gwada shiga.

Wataƙila wani ya ce duk wannan wahala ta mece ce, alhali ga maigida. Tsarin mai masauki tsohon abu ne, shi ya riƙe fataucin goro da shanu shekaru aru-aru: ka sauka gidansa, ya nemo maka mai saye, ya riƙe maka kuɗi. Ban raina shi ba, na ci abincinsa. Amma na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Wani abokin tafiyata ya shekara yana zuba cinikinsa a asusun maigidanmu, dattijo mai amana wanda bai taɓa cin ƙwandalar kowa ba. In ya je karɓa sai dattijon ya ce, "Yaro, nawa kake so? Kuɗinka na nan." Rana ɗaya Allah ya karɓi abinsa. Asusun mamaci kuwa rufe shi ake yi, sai magada sun kawo takardar kotu. 'Ya'yan ba su musa ba, amma babu rubutu, ga wasu mutum uku da irin wannan da'awa, ga rabon gado. Jarin bawan Allah nan ya kwanta fiye da shekara, abin da ya fito bai kai abin da ya shiga ba. Babu wanda ya ci amana a cikin labarin nan. Sunan da ke kan asusu shi doka ta sani.

Haɗa shi da waya

A Gana kuɗin waya, wanda kowa ke kira MoMo, ya shiga ko'ina, daga mai tasi har mai wake da shinkafa. Na MTN ya fi yawa, ana shigarsa da *170#. Tun 2018 aka haɗa layukan da juna da kuma bankuna, saboda haka kana iya jawo kuɗi daga asusunka zuwa waya, ko ka mayar. Harajin tura kuɗi da aka sa a 2022 an soke shi a 2025, sai dai cajin kamfani yana nan. Manyan kuɗi su zauna a banki, na cefane da mota su zauna a waya. Masu damfara sukan kira su ce sun yi kuskuren turo maka kuɗi, ko su ce daga ofis suke. Kashe wayar, ka duba asusunka da kanka. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko ma'aikacin banki.

Wani abu da ke rikita baƙo: a 2007 Gana ta yanke sifili huɗu daga kuɗinta, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sidi 1. Har yau akwai dattawa da 'yan kasuwa masu lissafi da tsohon kuɗi, in sun ce miliyan ɗaya sidi 100 suke nufi. Ɗan Nijar da ya saba da lissafin dala (sefa 5) da jika (sefa 1,000) zai gane wannan nan take. Kafin ka tura, a rubuta adadin da lamba ka gani.

Aika kuɗi gida, da karɓa daga gida

A nan amfanin banki mai rassa a ƙasashe yake fitowa. Ecobank na da hanyar da suke kira Rapidtransfer: ka biya da sidi a reshe ko ta manhaja, naka ya karɓa da kuɗin ƙasarsa, sefa a Yamai ko Damagaram, naira a Najeriya. Akwai kuma PAPSS, tsarin da aka ƙaddamar a nan Akra a Janairun 2022 don bankunan Afirka su biya juna da kuɗaɗen gida ba sai an bi ta dala ba. Tambayi reshenka ko bankin wanda za ka tura wa yana ciki. Manyan kuɗin kaya kuwa ta SWIFT, hanyar da bankunan duniya ke tura wa juna kuɗi, suke bi, da takardun ciniki. Lambar SWIFT harafi 8 ce ko 11, na biyar da na shida su ne ƙasa: GH Gana, NG Najeriya, NE Nijar. Waɗannan biyun na ƙarshe a duba su sau biyu.

Ko ta wace hanya, tambaya ɗaya ce mai amfani: "Idan na ba da sidi kaza, nawa ne zai shiga hannun mutumina?" Caji na iya zama kaɗan, a ci ka a farashin canji. Ka gwada da ɗan kaɗan tukuna, in ya isa lafiya ka tura sauran. Ka adana rasit har sai an ce maka an gani.

Fito da kuɗi daga Najeriya ya fi shigar da su wuya. Kuɗin makaranta ta Fom A ake biya, uba ya je bankinsa da takardar makarantar da lissafin kuɗin, ya fara da wuri don abin na ɗaukar lokaci. Matafiyi na iya neman guzurin PTA har dala 4,000 a wata uku, na tafiyar kasuwanci BTA har 5,000. Shigo da kaya Fom M ne, fitarwa NXP. Canji a cikin Gana kuma a yi shi a banki ko shagon canji mai lasisi, inda za a nemi katinka ko fasfo a ba ka rasit. Canjin bakin titi haramun ne a dokarsu, ko da wanda ke yi yarenku ɗaya.

Mai son asusun kasuwanci sai ya yi rajistar kamfani a ofishin magatakardar kamfanoni tukuna. Ya kuma san cewa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ɗora wa baƙo mai harkar saye da sayarwa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan Gana 20 aiki. A kan wannan doka aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. Nemi lauya ya duba maka inda dokar take a yau kafin ka kama shago. Asusun banki ba lasisin kasuwanci ba ne.

Kada kuma ka tara dukiyarka duka wuri guda. Tsakanin 2017 da 2019 Gana ta yi tankaɗe da rairaya a bankunanta, irin su UT Bank da Capital Bank suka rasa lasisi, aka ɗaga jarin kowane banki zuwa sidi miliyan 400. Hukumar inshorar ajiya da ta fara aiki a 2019 da sidi 6,250 ta soma a matsayin iyakar abin da take biyan mai ajiya a banki, kuɗin da bai kai cinikin yini guda na wani ba.

In za ka bar ƙasar

Katin baƙi shekara guda yake yi. Duk sanda ka sabunta shi, ko izinin zama, ko ka sake layin waya, ka kai wa reshenka su gyara, in ba haka ba sai ka wayi gari asusu ya ƙi motsi. Idan tafiyar ta ɗan lokaci ce, ka riƙe layinka na Gana da rai, don ta nan lambobin tabbatarwa ke zuwa, ka kuma riƙa motsa asusun ko da kaɗan. Asusun da ya shekara 2 ba a taɓa ba ana sa shi cikin masu barci, in ya ƙara 3 a haka a miƙa kuɗin ga Babban Bankin Gana, karɓo su kuma sai da takardu da zuwa da kai.

Idan kuwa komawa gida ce gaba ɗaya, ware kwana biyu kafin ranar mota. Je reshen da ka buɗe, ka rubuta takardar rufewa, ka mayar da kati da sauran cak, ka tura abin da ya rage, ka karɓi bayanin asusu na ƙarshe mai hatimi da shaidar cewa ba a bin ka komai. Ka kwashe abin da ke cikin MoMo tun kana cikin ƙasar, kafin layin ya daina kamawa a bayan Aflawo.